Darasi: Gyaran Hanya da Rage Hayaƙi a Ƙasar Yauri

Warra hedikwatar Ƙaramar Hukumar Ngaski ce, a ƙasar Yauri ta Jihar Kebbi. Garin yana bakin tafkin Kainji, wanda ya samu bayan an gama madatsar ruwa a 1968. Mutanen wannan yanki manoma ne da masunta da 'yan kasuwa. Kifi da shinkafa da albasa da dawa duk sai sun hau mota kafin su zama kuɗi. Mafi yawan kayan suna bin hanyar da ta ratsa Ngaski ta fita Malando, inda ta haɗu da babban titin Kontagora zuwa Yauri da Jega. Saboda haka lafiyar hanya lafiyar aljihunmu ce. A wannan darasi za mu koyi yadda ake yin hanya da gyaranta ba tare da an cika sama da hayaƙi ba.

Wane hayaƙi ake nufi?

Duk abin da aka ƙona, fetur ne ko dizal ko itace ko gawayi, yana fitar da wata iska da ake kira kabon. Ido ba ya ganinta, hanci ba ya jin warinta. Tana hawa sama ta taru, ta lulluɓe duniya kamar bargo, ta hana zafin rana komawa inda ya fito. Wannan shi ke kawo ɗumamar duniya da sauyin yanayi. Masana sun tabbatar cewa idan duniya ta ƙara zafi, ruwan sama yakan zo da ƙarfi a lokaci guda, fari kuma yakan tsananta. Manoman Kebbi ba su manta da ambaliyar 2020 ba, wadda ta cinye gonakin shinkafa masu yawa. A 2021, a taron duniya kan sauyin yanayi da aka yi a birnin Gilasgo, Nijeriya ta yi alkawarin cewa nan da 2060 kabon da take fitarwa ba zai wuce wanda take iya shanyewa ba. A 2021 ɗin kuma aka sa hannu a dokar sauyin yanayi ta ƙasa.

Ina hayaƙin aikin hanya yake fitowa?

Wurare huɗu ne.

Na farko, injina. Katafila da gireda da rola da tifa duk dizal suke sha. Lita 1 ta dizal idan ta ƙone tana fitar da kabon kusan kilo 2.7. Tifar da ta sha lita 100 ta aika kilo 270 sama ke nan.

Na biyu, siminti. Ana yin sa ne da dutsen farar ƙasa, kamar yadda ake yi a masana'antar Kalambaina kusa da Sakkwato. Ana gasa dutsen a wuta mai zafin kusan digiri 1,450. Wutar tana fitar da kabon, shi kansa dutsen ma yana saki nasa. Kowane buhu mai kilo 50 ya riga ya fitar da kabon fiye da rabin nauyinsa tun bai iso hannunka ba. Wajen kashi 7 zuwa 8 cikin 100 na kabon da mutane ke fitarwa a duniya daga siminti yake.

Na uku, kwalta. Daga ɗanyen mai ake samunta. Kafin a shimfiɗa, ana dafa ta da tsakuwa har zafi ya kai digiri 150 ko fiye. Wasu masu cike ramuka suna narka ta a ganga, su hura mata itace ko tsofaffin tayoyi. Wannan baƙin hayaƙi yana cutar da ƙirjin ma'aikaci da na mai wucewa.

Na huɗu, lalatacciyar hanya. Direban da ke fama da ramuka ba ya barin ƙaramar giya. Motarsa tana shan mai fiye da ƙima, tafiyar awa ɗaya ta koma ta awa uku. Wannan asara kullum ake yin ta, a kan kowace mota.

Ruwa ne babban abokin gabar hanya

Yawancin hanyoyin ƙauyukanmu na burji ne, wato jar ƙasa da tsakuwa. Abin da ya fi kashe irin wannan hanya shi ne ruwan da ya kwanta a kanta. Ruwa yana ratsa ƙasa ya tausasa ta, taya ta bi ta kai ta buɗe rami. Ramin da faɗinsa bai wuce faranti ba a farkon damina, kafin kaka ya isa ya lalata mota. Kwalta ma haka take: da zarar ta tsage, ruwa ya shiga ƙarƙashi, sai ta fara ɓarewa.

To, a nan ne babban darasin yake. Hanyar da aka bari ta mutu, sai an sake kawo katafila da tifofi da siminti da kwalta, a sake ƙona man da aka ƙona da farko. Hanyar da ake kula da ita kowace shekara kuwa, diga da shebur da baro sun ishe ta. Rigakafi ya fi magani. Kowace shekara da muka ƙara wa hanya ta rayuwa, mun rage hayaƙi, mun kuma rage kuɗin da hukuma za ta kashe.

Abin da mutanen gari za su iya yi

1. Kafin ruwan farko, a yi gayya a yashe lambatu da kwalbati. A kwashe yashi da leda da karan da suka toshe su.
2. A bar tsakiyar hanya ya ɗan fi gefe tudu, don ruwa ya gangara dama da hagu.
3. A haƙa ƙananan magudanai da za su janye ruwa daga gefen hanya zuwa fili, ba zuwa gidan wani ko gonarsa ba.
4. A cike rami tun yana ƙarami. A fidda laka, a zuba jar ƙasa mai tsakuwa kaɗan-kaɗan, a yayyafa ruwa, a daddaɓe sosai.
5. A dasa ciyawar jema ko gamba a gangaren hanya da bakin kwalbati. Saiwarsu tana riƙe ƙasa ta hana zaizaya.
6. A dasa itatuwa kamar darbejiya nesa kaɗan da lambatu. Itace yana shan kabon, yana kuma ba matafiyi inuwa.
7. Kada a yi noma har cikin lambatu, kada a ƙona taya a kan kwalta, kada a yi wa mota lodin da ya fi ƙarfinta.

Abin da za mu nema daga hukuma da ɗan kwangila

Akwai aikin da ya fi ƙarfin gayya. Manyan titunan tarayya suna hannun Ma'aikatar Ayyuka ta Tarayya da hukumar FERMA, wadda aka kafa a 2002 don gyaransu. Hanyoyin ƙauye kuma na jiha ne da ƙaramar hukuma. Idan an zo aiki a yankinku, kuna da haƙƙin yin tambaya cikin ladabi, ta hannun mai unguwa da hakimi da kansila.

Ku nemi a ɗebo ƙasa da tsakuwa daga wuri mafi kusa wanda ya dace, domin nisan jigila shi ke cin dizal. Idan an gama ɗiba, a rufe ramin a mayar da ƙasar noma, kada ya zama kududdufin da yara ke faɗawa. Ku nemi kada a zubar da tsohuwar kwaltar da aka kankare, domin ana niƙa ta a sake amfani da ita. Akwai kwaltar da ake haɗawa da ruwa a cike rami da ita ba tare da wuta ba, akwai kuma wadda ake dafawa da zafi kaɗan. Inda ake da dutse, ginin lambatu da dutse yana cin siminti ƙasa da zubin kankare zalla. Ku nemi a ɗauki matasan gari aikin da hannu zai iya, kuɗin ya tsaya a gida. A kashe injin da ba ya aiki. Sama da duka, a yi kwalbati mai faɗin da zai ɗauki ruwan tsakiyar damina, domin aikin da aka yi da kyau sau ɗaya ya fi wanda ake maimaitawa.

Tambayoyi

1. Faɗi wurare huɗu da hayaƙin aikin hanya yake fitowa.
2. Idan tifa ta sha dizal lita 50, kabon kilo nawa ta fitar?
3. Me ya sa ake barin tsakiyar hanya ya fi gefe tudu?
4. Rubuta sunan hanyar da ta fi damun garinku, da wurin da ruwa ke kwanciya a kanta.

Ya kai mai karatu, kada wannan ilimi ya tsaya a cikin aji. Ka karanta wa maƙwabtanka, ku je wurin mai unguwa ku tsayar da ranar gayya, ku yashe magudanan hanyarku tun damina ba ta faɗi ba.