Kafin Ku Kama Hanyar Gida Da Juna Biyu



'Ya'yana, ina taya ku murna da rabon da Allah ya kawo gidanku. Allah ya raba lafiya. Wannan wasiƙa taku ce, ku da kuka yi aure bara ko bara waccan, aiki ko kasuwa ya kai ku Abuja ko Legas ko Fatakwal, ga ciki ya fara turo riga, ga Sallah ta matso, ga waya daga gida safe da yamma ana tambayar yaushe za ku taso. Na san hankalinku yana can. Ba ni da bakin raina zuwa gida, don tun kaka da kakanni aka ce zumunta a ƙafa take. Amma a bana cikin nan ne zai tsayar da ranar tafiya, da motar da za a shiga, da kwanakin da za a yi, har ma da ko za a yi tafiyar. Kai maigida, kai ne za ka tsaya a kan wannan magana a gaban dangi, domin ita kunya ba za ta bar ta ba.

Mu fara da lokaci. Watanni ukun farko su ne na laulayi: amai, kasala, ƙin warin mai da na girki, kuma a cikinsu aka fi yin ɓari. Watannin ƙarshe kuwa jiki ya yi nauyi, ƙafa tana kumbura, naƙuda tana iya tasowa ba sallama. Shi ya sa likitocin mata suke cewa idan tafiya ta zama dole, tsakiyar ciki ta fi sauƙi, wato daga mako na 14 zuwa na 28. Kamfanonin jiragen sama ma da wannan lissafi suke aiki. Yawancinsu suna neman takardar likita idan ciki ya wuce mako 28, ba sa ɗaukar mace bayan mako 36, mai tagwaye kuwa tun daga mako 32 suke dakatar da ita. Idan jirgin da zai sauke ta cikin awa ɗaya da rabi yana wannan taka-tsantsan, me za a ce da motar da za ta taso daga Agege ta kwana tana keta hanya ta kusan kilomita 1,000 kafin ta ga Kano? Kafin ku sa rana, ku je awo tare, ku faɗa wa ma'aikaciyar jinya inda za ku da yadda za ku je. Macen da jininta ya hau, ko ta taɓa zubar jini a cikin nan, ko sikanin ya nuna mabiyiya ta sauko ƙasa, ko ta taɓa haifar bakwaini, zamanta ya fi tafiyarta alheri.

Duk wanda ya taɓa shiga tashar Zuba ko Jabi ana jibi Sallah ya san abin da nake nufi. Kuɗin mota ya ninka, 'yan kamasho suna fizgar jaka, an cusa mutum huɗu a kujerar mutum uku, an danna buhun shinkafa a ƙarƙashin ƙafa, jarkar manja tana zungurin gwiwa. Can a kujerar baya za ka hango yarinya mai cikin wata bakwai, ta takure a jikin taga, gumi ya jiƙa hijabinta, ta ƙi shan ruwa tun asuba don kada fitsari ya matse ta ta ce direba ya tsaya a idon maza. Direban kuma sauri yake ya sauke ya juyo ya sake lodi kafin dare. Wannan zama na sa'o'i ba motsi, ga ƙishirwa, shi ne yake sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, kuma mai ciki ta fi sauran mata saurin kamuwa da shi. A 'yan shekarun nan Ƙaramar Sallah tana faɗowa a Maris ko Afrilu, lokacin da zafin Sakkwato da Maiduguri yake haura digiri 40. Ɗana, idan ba ka da motar kanka, ka biya mata kujera biyu. Ku tashi kwana huɗu ko biyar kafin cunkoso, ku yi tafiyar rana, ka gaya wa direba tun a tasha cewa da mai juna biyu a motar, za a riƙa tsayawa duk bayan awa biyu ta miƙe ƙafa ta kama ruwa. Ta ɗaura bel, igiyar ƙasa ta bi ƙasan ciki a kan cinyoyi, ta sama ta ratsa tsakiyar ƙirji. Wanda hanyarsa ta bi Kaduna, jirgin ƙasa daga Idu zuwa Rigasa yana da wurin miƙe ƙafa da bayan gida.

Katin awo ya riga kayan kwalliya shiga jaka. A cikinsa aka rubuta rukunin jininta, da awon hawan jini, da allurar tetanus da ta karɓa, da ranar da ake sa ran haihuwa. Ma'aikacin asibitin garinku bai taɓa ganin ta ba, katin ne zai yi masa bayani a lokacin da ita ba ta iya magana. Ku tafi da ƙwayoyin ƙarin jini da aka ba ta, da gidan sauro, musamman a Babbar Sallah da yanzu take zuwa a bakin damina. Zazzaɓin cizon sauro ga mai ciki ba ƙaramin abu ba ne: yana shanye jini, yana rage nauyin jariri, yana jawo ɓari. Shi ya sa ake ba da Fansidar a wurin awo daga wata na huɗu, wata-wata, aƙalla sau uku kafin haihuwa. Kada hutu ya sa a tsallake. Hukumar Lafiya ta Duniya tun 2016 ta ce a ga mai ciki sau takwas kafin ta haihu, to idan ranar awo ta faɗo kuna gida, ku je asibitin can.

Akwai alamomin da nake so ku biyu ku haddace. Zubar jini komai ƙanƙantarsa. Ciwon kai mai tsanani da ganin dishi-dishi, da kumburin fuska da hannaye, waɗanda su ne 'yan aiken jijjiga. Zazzaɓi mai zafi. Fashewar ruwa kafin lokaci. Ɗa ya rage motsi ko ya daina. Idan ɗaya ta bayyana, ba a jira gari ya waye, ba a jira a sauko daga Idi, ba a tsaya tofi da hayaƙi ana cewa iska ce. A yi addu'a a cikin mota ana tafiya.

Yanzu ga inda na fi so ku saurare ni, wato cikin gidan da za ku sauka. Ranar Babbar Sallah da hantsi an yanka raguna, maza sun feɗe sun koma zaure, an bar mata da kayan ciki da kai da ƙafa. Wa ake turawa bakin murhu? Amarya, don ita ce ƙarama, kuma ita ce baƙuwar da ake son a ga tarbiyyarta. Za ka same ta durƙushe gaban kaskon suya tun azahar har bayan magariba, hayaƙin itace yana shiga idonta, bayanta yana sara, ta ɗauko bokitin ruwa ta sauke tukunya. Idan uwar miji ta ce, "Ko kin gaji?" za ta sunkuyar da kai ta ce, "A'a Hajiya, ba komai." Cikin fari ne, ko ambatonsa ba ta iya yi a gaban surukai. Kunya ado ce, ba na so mu rasa ta, amma na ga inda ta rufe bakin yarinya tana zubar jini tun safe har sai da ta faɗi. Ɗana, mahaifiyarka ta haihu, ta san abin da ciki yake, sau da yawa jira take wani ya buɗe maganar. Ka kira ta tun kafin ku taso, ka ce, "Hajiya, an ce a asibiti kada ta ɗauki abu mai nauyi, kada ta daɗe a tsaye, ina roƙon a duba mini ita." Idan maganar ta fito daga bakinka cikin ladabi, kulawa ce. Idan ta fito daga bakinta, wasu za su ce raki ne ko son jiki.

Haka batun azumi. Shari'a ta ba mai ciki damar ajiye azumi idan tana tsoron cutuwa a kanta ko a kan abin da ke cikinta, ta rama daga baya. Kada a bar ta ta wuni tana jiri don gudun a ce ta cika lalaci. Haka kuma batun jiƙe-jiƙe. A kowane gida akwai gwaggo ko inna da za ta miƙo kwano ta ce maganin zaƙi ne, yana sauƙaƙa naƙuda. Da zuciya ɗaya take bayarwa, amma ba wanda ya san ƙarfin abin da ke ciki. 'Yata, ki karɓa da hannu biyu ki yi godiya, ki ce sai kin tambayi asibiti. Kanwa ma a yi hattara da ita, tun yanzu har bayan haihuwa. Tun a shekarun 1970 likitoci a Zariya suka lura da yawan ciwon zuciya ga masu jego, suka danganta shi da yawan shan kunun kanwa da zafin wankan jego da kwanciya a gadon wuta.

Wasu za su ce ai tafiyar ta goyon ciki ce, za a bar ta a gidan iyayenta har ta haihu ta yi arba'in. Al'ada ce mai hikima, ina goyon bayanta, domin babu mai jinyar mace kamar uwarta. Sai dai a kai ta da wuri, kada a bari sai watan haihuwa ya kama. Ranar da kuka isa, kafin ka fara zagayen gaishe-gaishe, ka je da ƙafarka ka ga asibitin da za ta haihu. Akwai likita da dare? Ana yin tiyata? Ana ƙarin jini? Idan babu, ina ne mafi kusa, kuma wace mota za ta kai ta da ƙarfe biyun dare? A jihohi da dama na Arewa direbobin ƙungiyar NURTW suna da tsarin kai masu naƙuda asibiti, a Jigawa akwai shirin Haihuwa Lafiya, ka tambaya ko akwai irinsa a garinku ka karɓi lambar direba. Ka nemi 'yan'uwa biyu da jininsu ya dace da nata, su san an dogara da su. Sannan ka faɗa a gaban iyayenta da naka, da babbar murya, cewa ka ba da izini a kai ta asibiti kowane lokaci, kuma a yi mata duk abin da likita ya ce, har tiyata, ko an same ka a waya ko ba a same ka ba. Mata nawa suka kwana biyu a kan gwiwa ana jiran miji ya dawo daga kasuwar wani gari? Doguwar naƙuda ce take cika asibitin Babbar Ruga a Katsina da masu yoyon fitsari. Ƙididdigar Majalisar Ɗinkin Duniya ta nuna cewa fiye da kashi ɗaya cikin huɗu na matan da suke mutuwa a duniya saboda ciki da haihuwa a Najeriya suke, kuma Arewa ce ta fi ɗaukar nauyin. Ajali na Allah ne, amma jinkirin yanke shawara namu ne, kuma za a tambaye mu.

Idan kun dawo ɗakinku, ko kuma ba ku tafi ba, nan ma akwai aiki. A birni ba kishiya, ba ƙanwa, ba maƙwabciyar da za ta leƙo ta kama mata wanke-wanke. Daga ita sai kai. Ka ɗebo ruwa, ka ɗauki tukunyar gas, ka share tsakar gida, idan warin albasa yana tayar mata da zuciya ka shiga kicin da kanka. Nana A'isha ta ba da labarin cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, yana taya iyalinsa aikin gida, to babu namijin da wannan zai rage wa girma. Janareta ya kwana a waje nesa da taga, hayaƙinsa yana kisa ba a ji ba a gani. Idan ta yi fushi ba dalili ko ta fashe da kuka a kan abin da bai kai ya kawo ba, ka yi haƙuri, jikinta ne yake juyawa. Kuɗin da kuke tarawa kuwa, na haihuwa ya riga na suna. Na ga gidajen da aka ɗinka anko aka ɗaure rago, ranar da aka ce a kawo kuɗin jini leda biyu aka shiga buga waya ana neman rance.

Ke kuma 'yata, ki buɗe baki. Mijinki bai taɓa ɗaukar ciki ba, ba zai san abin da kike ji ba sai kin faɗa. Ki ci abinci mai gina jiki, wake da ƙwai da zogale da nama wanda ya dahu sosai, ki sha ruwa, ki sha maganinki ko da yana sa ki tashin zuciya, ki koma ki faɗa a canza miki idan ya gagara. Idan kin ji ba za ki iya tafiyar nan ba, ki ce ba za ki iya ba.

In har shawarar asibiti ta zama ku zauna, ku zauna da zuciya ɗaya. Ku aika da goron Sallah, ku kira kowa ta bidiyo ku gaishe shi, ka ɗauki laifin a kanka idan wani ya yi ƙorafi. Iyaye za su yi kewa, amma ranar da kuka shiga da jika a goye ba wanda zai tuna da Sallar da ba ku zo ba.

Ina roƙon ku, a cikin makon nan, kafin ku sayi tikiti ko ku amsa wa kowa ranar zuwa, ku ɗauki katin awo ku tafi asibiti tare. Allah ya sauke ta lafiya, ya raya abin da za a samu.

Wassalam,
Gwaggonku.