Kwabo Mai Aibu: Yadda Ake Gane Inda Kuskuren Ya Fito

'Yan'uwana ɗalibai, na gaji wani gwangwani na tsofaffin kuɗi daga wurin kakana, cike da anini da ɗari da kwabo mai huji. Tun daga nan sha'awar tara su ta kama ni. Wata rana a kasuwa wani dillali ya nuna mini kwabo mai giɓi a gefe, ya rantse wai haka ya fito daga gidan buga kuɗi, masu tarawa kuwa suna sayen irinsa da tsada. Na zuba masa kuɗin abincina na mako guda. Da na koma ɗaki na duba da gilashin ƙara girma, sai ga sawun magagari ɓaro-ɓaro. Domin kada a yi muku yadda aka yi mini, ga abin da na koya.

Da fari sai mu san yadda ake buga kuɗin ƙarfe. Aikin hawa uku ne. Ana murje ƙarfe ya zama falle, a yayyanko 'yan faya-fayai daga jikinsa, a tayar da bakinsu. Sa'an nan a sassaƙa hatimi biyu na baƙin ƙarfe, ɗaya na gaba, ɗaya na baya. Daga ƙarshe a sa faifan cikin zobe, hatiman nan su matse shi da ƙarfin gaske. To, ko wane kuskure na gaskiya daga ɗayan hawan nan uku ya fito. Tambayarmu ita ce, a wanne?

Kuskuren faifai. In injin yanka ya ci gefen ramin da ya riga ya yanke, faifan zai fito da giɓi kamar jinjirin wata. Shaidarsa ita ce rubutu yana dusashewa a hankali zuwa wajen giɓin, kuma sau da yawa bakin da ke daura da shi ya kan fito ba tudu sosai. Nawa kwabon ba shi da ko ɗaya, rubutunsa ya katse ne ƙwaf ɗaya. Wani lokaci kuma a buga a kan faifan da ba nasa ba. A 1943 Amurka ta buga sentinta da baƙin ƙarfe saboda yaƙi, amma 'yan faya-fayan tagulla na 1942 da suka rage suka shiga injin. Irin wannan da sikeli da maganaɗisu ake gane shi.

Kuskuren hatimi.  Ku riƙe wannan: abin da ya nutse a hatimi, tudu ya ke fitowa a kwabo. Saboda haka in hatimi ya tsage, sai ka ga wani siririn layi ya taso kamar jijiya. Amma layin da ya nutse cikin kwabon, yawanci ƙarzuwa ce kawai. A 1955, a Filadelfiya, an danna zane sau biyu a jikin wani hatimi ba su hau kan juna daidai ba, sai senti wajen 20,000 suka shiga gari da rubutu biyu-biyu.

Akwai kuma wanda Turawa ke kira alfadari, watau an haɗa hatimi biyu da ba na juna ba. Wannan ya shafe mu. Kuɗin da kakanninmu suka kashe kafin Nijeriya ta sami nata a 1959, yawanci a Ingila ake buga su, waɗansu a London, waɗansu a Birmingham. In ka ga ɗan harafin H ko KN, aikin Birmingham ne. Akwai kwabon 1956 mai H da ke ɗauke da sunan Sarki George na 6, alhali ya rasu tun 1952. Ashe tsohon hatimi aka ɗauko aka haɗa da sabo. Har wa yau, a 2008 Ingila ta fitar da waɗansu 20p ba shekara a ko wane gefe, don an haɗa tsohuwar fuska da sabon baya.

Kuskuren bugu. In faifai bai zauna daidai cikin zobe ba, zane ya kan karkace, gefe guda ya zauna fili. In maiƙon inji ya cika ramin wani harafi, harafin ba zai fito ba. In kuwa kwabo ya maƙale a hatimi, shi zai bugi na bayansa, ya bar masa zanensa a juye, a nutse.

Ga hanya mai sauƙi ta rarrabewa. Kuskuren hatimi ba ya zuwa shi kaɗai, yana da 'yan'uwa da yawa masu aibu iri ɗaya a wuri ɗaya, gama hatimi guda ne ya haife su. Na faifai da na bugu kuwa da wuya ka sami biyu daidai wa daida. Abin da ba ka iya nuna hawan da ya fito ba, ka ɗauke shi ɓarna ce ta bayan fitowa: guduma, ko wuta, ko magagari, ko tsatsa. Irin wannan ba shi da wata daraja wurin masu tarawa.

In kun je hutu, ku roƙi tsofaffi su buɗe muku gwangwanayensu. Ku gwada shekara da sunan sarki, ku auna nauyi da na wani lafiyayye. Amma kada ku wanke da toka ko lemun tsami, gama gogewa tana zubar da darajarsa. Nawa mai giɓi yana nan a aljihun tebur, ni kan nuna wa duk wanda ya zo mini da labarin dillali.