Kyamarar Daji a Cikin Inuwa: Yadda Ake Auna Mata Batir da Farantin Rana

A shekarar 2020 aka fito da waɗansu hotuna daga Duwatsun Mbe, cikin Jihar Kuros Riba, masu nuna garken gwaggon biri tare da 'ya'yansu ƙanana. Irin wannan biri ba a samunsa ko'ina a duniya sai a kan iyakar Nijeriya da Kamaru, abin da ya rage nasa kuwa bai wuce kimanin 300 ba. Wata 'yar kyamara ce da aka ɗaure a jikin itace ta ɗauki hotunan, irin wadda take farkawa da kanta in ta ji motsin abu mai ɗumin jiki a gabanta. Ana aiki da irinta a Gandun Dajin Gashaka-Gumti da sauran gandayen ƙasar nan, domin ƙidayar namun daji da gane hanyoyin mafarauta marasa izini.

Amfaninta duka ya rataya ne a kan wuta. Ma'aikacin daji yakan yi tafiyar kwana biyu a ƙasa, ya hau dutse ya ƙetare rafi, ya iske kyamarar ta mutu tun mako na biyu da kafa ta. Abin da ya gitta a sauran watan ya tafi ke nan. Sau da yawa kuwa akwai farantin hasken rana, watau sola, a ɗaure kusa da ita, sai a ɗora laifin a kan kayan, a ce jabu ne. Galibi kayan lafiyarsu ƙalau, lissafi ne ba a yi ba.

Farkon abin da za a sani shi ne cin kyamarar a yini guda. Ana auna wannan da abin da ake kira wat-awa, watau wutar wat ɗaya da aka ja har tsawon awa ɗaya. Kyamarar da take zaune tana jira, cinta kaɗan ne ƙwarai. Hoton dare ya fi na rana ci, domin sai ta kunna fitilunta masu hasken da idon mutum ba ya gani. Hoto mai motsi ya fi wannan. Wadda take aika hotuna ta hanyar wayar salula ta fi su duka, balle a kwari inda sai ta wahala kafin ta sami layi. Kada a dogara da abin da aka rubuta a kwali. A kafa ta mako guda a wurin da ya yi kama da inda za a kai ta, a auna abin da ta sha daga batir, a raba gida bakwai. A ɗauka, alal misali, an sami wat-awa 3 a yini.

Sa'an nan a dubi farantin. Lambar da aka buga a bayansa, kamar wat 5, ƙarfinsa ne a tsakar rana tsaka, sararin sama fes. A fili, a yawancin ƙasar nan, hasken yini guda yakan yi daidai da awa 4 zuwa 6 na irin wannan rana, Arewa ta fi samu, Kudu ta fi ƙaranci. In aka ɗauki awa 5, farantin zai ba da wat-awa 25. A cire kimanin kashi ɗaya cikin huɗu saboda zafi da ƙura da abin da yake salwanta a waya da wajen caji, saura 18. Wannan ya ninka bukatar kyamarar sau shida, shi ya sa mai saye yakan koma gida hankalinsa kwance.

Amma dabba ba ta bin fili, kyamara kuwa inda dabba take bi ake kafa ta. A ƙarƙashin itatuwan da suka ɗan haɗa kai, in kashi ɗaya cikin goma na hasken ne yake sauka, wat-awa 18 ɗin nan sun koma ƙasa da 2. Kullum ana bin batir bashi ke nan. A kurmi sosai, irin na Kuros Riba, abin da yake isa ƙasa bai fi kashi 1 ko 2 cikin 100 ba. A nan farantin wat 5 ba zai kawo ko rabin wat-awa a yini ba, kafin a sami 3 sai an ɗauko mai ƙarfin wat 40 ko fiye, kaya mai faɗi da nauyi, wanda kuma zai tona asirin kyamarar ga duk mai wucewa.

Akwai wani abu kuma da mutane da dama ba su lura da shi ba. Ƙananan gidajen da suke fuskar faranti a jere aka haɗa su, wutar ɗaya tana ratsa na gaba, kamar ruwa a lambatu guda. In ganye ɗaya ya rufe gida ɗaya, sai ya tauye sauran da suke layinsa. Saboda haka inuwar da ta kama ɗan gefe tana iya cinye mafi yawan wutar, ko da ragowar farantin yana ƙyalli cikin rana.

Ke nan a cikin inuwa batir ne babba, faranti mataimaki ne. A auna batir kamar babu faranti sam. In sau ɗaya a wata ake zagayowa, kwana 30 sau wat-awa 3 ya zama 90. Ƙarfin batir ana samunsa ne in aka ninka lambobi biyun da suke jikinsa: ɗan batirin dalma da aka saba gani, mai lamba 12 da 7, yana riƙe da wat-awa 84. Sai dai batirin dalma ba a zuƙe shi fiye da rabi, in an yi haka kwanansa ya gajarta. Rabin 84 kuwa 42 ne, abincin kwana 14 kacal. Don a kai wata sai an sami wat-awa 180, watau mai lamba 15, gwamma ma 18 saboda tsufa da ranar da ruwa zai hana ƙetare rafi. Batirin litiyam yana jure a sha kashi 80 cikin 100 nasa, saboda haka mai lamba 10 ya isa wannan aiki. Ya fi tsada, amma mai ɗaukar kaya a ka zuwa bisa dutse ya san bambancin nauyinsu.

In har za a sa faranti, a raba shi da kyamara. A nemi inda babban itace ya faɗi ya bar ƙofa a sama, ko bakin rafi, ko kan fa, a ja waya mai kauri zuwa wurin batir, a sa na'urar daidaita caji a tsakani don kada ya cika ya lalace. A duba wurin tsakanin ƙarfe 10 na safe da 2 na rana, lokacin da mafi yawan wutar take samuwa. A ɗan karkata farantin yadda ruwan sama zai wanke shi. Wurin da aka gani sarari da rani, ganye na iya rufe shi da damina, saboda haka da lokacin marka ake lissafi, sa'ad da hadari yake yini bai yaye ba. Da hunturu kuma hazo da ƙura suke rage haske, sai a riƙa share fuskarsa da tsumma duk zuwa. Wayar a zura ta cikin bututun roba a binne, domin ɓera yana gaigayarta, bika kuwa in ya gan ta a rataye sai ya fizge.