Ketamin: Allurar Ɗakin Tiyata da Maganar Ciwon Damuwa

Aikina sa marasa lafiya barci a ɗakin tiyata, kuma babu maganin da hannuna ya saba da shi kamar ketamin. 'Yar kwalba ce, ruwanta garau, ba tsada. Kwanan nan mutane suka fara tare ni da tambaya, wai sun ji yana warkar da ciwon damuwa. Zancen yana da tushe, amma akwai gyara a cikinsa.

A Amurka aka haɗa shi a 1962, hukumar magunguna ta ƙasar ta amince da shi a 1970, aka yi ta amfani da shi kan sojojin da suka jikkata a yaƙin Biyetnam. Tun 1985 yake cikin jerin muhimman magunguna na Hukumar Lafiya ta Duniya. Yawancin magungunan barci suna danne numfashi, su sauke ƙarfin jini. Shi kuwa yakan bar mutum yana numfashi da kansa, jinin ma ya ɗan hau. Sai ranar da aka kawo maka mai naƙuda tsakar dare tana zubar da jini, an ɗauke wuta, tukunyar iska saura kaɗan, za ka san darajar wannan. Da shi muke wanke wa yaro ƙunar ruwan zafi, da shi ake gyara karaya. Likitocin dabbobi ma ba sa rabuwa da shi.

Barcinsa daban ne. Ido a buɗe, ƙwayar tana rawa, miyau na zuba. Wajen farfaɗowa wani ya yi ta sambatu, wani ya ga abin da babu. Sau da yawa dattijo yakan ja ni gefe ya ce, "Likita, ko iska ce ta shige shi?" Sai in ce, "A'a Baba, maganin ne, a rage surutu a kansa, zai sake shi."

To, batun damuwa. A shekarar 2000 masu bincike a Jami'ar Yale suka nuna cewa ɗan kaɗan na ketamin yana sauƙaƙa matsanancin ciwon damuwa cikin sa'o'i, alhali ƙwayoyin da aka saba bayarwa sukan ɗauki mako 4 zuwa 6 kafin a ga aikinsu. Ta wata hanyar ƙwaƙwalwa yake bi, ta sinadarin gulutamet, shi ya sa yakan yi wa wanda sauran suka gaza. Awon da aka fi bi rabin miligiram ne ga kowane kilo na nauyin jiki, ta ƙarin ruwa, a hankali cikin minti 40, ƙasa sosai da na tiyata. A 2019 Amurka ta amince da wani nau'insa da ake fesawa a hanci, Spravato, amma a asibiti kawai, kuma sai an sa wa mutum ido na awa 2.

Abin da masu yaɗa labarin ba sa faɗa shi ne sauƙin ba ya daɗewa. Allura ɗaya, cikin mako ɗaya ko biyu ciwon yakan dawo. Kuma ba da shi ake farawa ba. Na wanda ya sha magunguna aƙalla kala biyu yadda ya kamata bai samu sauƙi ba ne, likitan ƙwaƙwalwa ke yanke shawara. Mai hawan jinin da bai daidaita ba, mai juna biyu, da mai taɓin hankali irin na jin muryoyi, duk sai an yi taka-tsantsan ko a haƙura.

Wanda ya mayar da shi kayan maye kuwa, mafitsararsa ce kan fara lalacewa: fitsari da zafi, da jini, wani har a cire ta. Ɗan fim ɗin Amurka Matthew Perry ya mutu a Oktoban 2023, bincike ya nuna ketamin ne sanadi. Don haka duk mai kemis ɗin da ya ce zai yi maka "allurar damuwa" a bayan shago, ka kama gabanka.

Idan ɗan'uwa ya yi sama da mako biyu ba barci, ba cin abinci, ya janye daga mutane, kada a ce rashin tawakkali ne a zuba ido. A yi addu'a, a kuma kai shi ga likitan ƙwaƙwalwa. Akwai asibitocin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna, Maiduguri da Kware. In ya fara zancen ya gaji da rayuwa, a ranar za a tafi, kuma kada a bar shi shi kaɗai.