Idan Kunzugun Yaro Yana Yoyo Da Dare

Ƙarfe uku na dare ki shafa katifa ki ji ta jiƙe sharkaf, yaro na rawar sanyi, ga shi da famfas kika kwantar da shi. Uwargida, kafin ki ɗora laifi a kan kamfani, duba lambar da kike saya. Yawanci kunzugun ne ya yi masa kaɗan. Idan kina ganin jan shatin roba a cinyarsa da safe, ƙara lamba ɗaya, ko da nauyin da aka rubuta a jikin leda bai nuna haka ba. Babba ya fi shanye fitsari.

Sai ɗauri. Akwai 'yar tattara a bakin cinya wadda takan naɗe ciki. Zagaya da yatsa ki fito da ita waje, don ita ce ke tare fitsarin. Ƙugu kuwa ya kama daidai yadda yatsu biyu za su shige. In namiji ne, ki kwantar da gabansa ya kalli ƙasa, in ba haka ba ta cibiya zai tsiyaye. Kada ki lafta mai da yawa, yana hana audugar tsotsa.

Kunu da shayi a ba shi da wuri, ya hau fo kafin barci, sannan a sa sabon kunzugu. Amma don Allah kada a hana yaro ruwa in ya nema, balle da bazara. Shimfiɗa leda ƙarƙashin zanen gado ya fi.

Idan kuwa fitsarin ya ƙaru farat ɗaya, ga ƙishirwa ba ƙaƙƙautawa, yana kuma ramewa, ki kai shi asibiti a ranar a gwada sukarin jininsa.