Yaro da Keke a Bakin Titin Nima

Jama'ar Nima da Maamobi, iyaye maza da mata, malaman makaranta da shugabannin matasa, wannan takarda taku ce, kuma a kan keke take magana.

Yaron zango ba ya daɗewa bai iya keke ba. Wansa ya riƙe masa sirdi a wani fili, ya faɗi, ya tashi, ya kakkaɓe gwiwa, kafin mako ya zagayo ya iya. Daga ranar sai a fara aikensa: sayo koko da ƙosai da sassafe, kai wa Baba abinci shago, karɓo ɗinki wajen tela. To, amma iya keke daban, sanin titi daban. Na farkon yara ke koya wa junansu. Na biyun kuwa aikin manya ne, kuma a gidaje da yawa ba wanda ya taɓa zaunar da yaro ya koya masa.

Rahoton Hukumar Lafiya ta Duniya na 2023 ya ce haɗarin hanya na cin rayuka wajen miliyan 1.19 kowace shekara, kuma ba abin da ya fi shi kashe 'yan shekara 5 zuwa 29. A nan Gana, shekarun nan fiye da mutum 2,000 ke rasuwa a kan titi duk shekara. Shi ya sa a 2019 gwamnati ta ɗaga darajar hukumar kiyaye haɗurra ta ƙasa, ta ƙara mata iko. Sai dai ma'aikacin hukuma ba zai tsaya a ƙofar gidan kowa ba.

Wurin da ya fi ko'ina haɗari a unguwanninmu shi ne bakin lungu. Ku dubi yadda garin yake. Lungunanmu matsattsu ne, mota ba ta shiga yawancinsu, saboda haka yaro ya saba gudu a ciki ba fargaba, iyakarsa ya kauce wa akuya ko mai tallan ruwa. Sai lungun ya ƙare kwatsam a babban titin Nima ko na Kanda. A daidai bakin nan ga teburin mai wake da shinkafa da lemarta, ga kes ɗin mai sayar da kati, ga tasi an ajiye. Yaron ba ya ganin titi, direba ba ya ganin yaron, sai tayar gaba ta riga ta hau kwalta. Motar da ke tafiyar kilomita 50 a awa tana cin kusan mita 14 a daƙiƙa ɗaya. Kafin direba ya gani, ƙafarsa ta bar totur ta kai ga birki, ya riga ya shafe tsawon motoci uku, alhali motar ba ta ma fara tsayawa ba. Don haka abin da za a fara dasa wa yaro a zuciya ke nan: in ka zo bakin lungu, tsaya cak, sa ƙafa ƙasa, dubi hagu, dubi dama, sake duban hagu. In tsallakawa za ka yi, sauka ka tura. Tura keke ba abin kunya ba ne, ko da abokai sun yi dariya.

Dattawa na tuna ranar 4 ga Agusta 1974, lokacin da Gana ta bar tuƙin hannun hagu ta koma dama. Wannan doka ta hau kan mai keke kamar yadda ta hau kan mai tirela. Duk da haka kullum za ka ga yaro ya bi hannun da ba nasa ba yana fuskantar motoci, in ka tambaye shi ya ce ai gara ya riƙa ganin abin da ke zuwa. Wannan dabara ta mai tafiya a ƙasa ce. Direban da zai fito daga kwana hagu yake duba, inda motoci ke zuwa, bai sa ran wani zai ɓullo masa ta dama ba. Kuma in aka yi karo gaba da gaba, gudun keke da na mota haɗuwa suke yi. Dokar hanya ta 2004 ma ta sa tuƙin ganganci da keke cikin laifuffuka, ko da yake mutane kaɗan ne suka san haka.

Sai trotro, wato motar haya. Direban trotro idonsa na kan fasinja, yaron motarsa na rataye a ƙofa yana kiran Circle, Circle. Da wani ya ɗaga yatsa sai motar ta karkato dama ba sanarwa, ƙofa ta buɗe, mutane su zubo. Daidai nan ɗan keke ke bi. Kada yaro ya kuskura ya kutsa tsakanin trotro da bakin kwata. Ya jira a baya ta tashi. Haka babbar mota in za ta sha kwana, direbanta na can sama, ba ya ganin abin da ke gindin tayarsa. Masu kama bayan aboboya, babur ɗin kaya mai ƙafa uku, su ja su a hawa kuwa, wannan ba sai an yi dogon bayani ba. Ranar Laraba, da kasuwar Nima ke ci, motocin hatsi da albasa na sauke kaya har kan titi, ni a ganina bai kamata a aiki ƙaramin yaro da keke wajen ba sam.

Yanzu a dubi keken kansa. Yawancin na yaranmu na hannu ne, wani ma ya ga jiya ya ga yau. Alhaji, kama keken ɗanka ka matse birkin hannu biyu ka tura. In ya tafi, ba shi da birki. Sau da yawa robar ta cinye har ƙarfe na gugar ƙarfe, ko wayar ta tsinke an ɗaure ta a kan keken. Sai ka ga yaro na gangara yana danna silifa a tayar baya, ko yana jan ƙafa a ƙasa. Dubi ƙasan silifansa, za ka ga inda taya ta yi masa rami. Kuɗin robar birki ba shi da yawa. Sannan kada a saya wa yaro keken da ya fi ƙarfinsa wai zai girma a kai. In ya zauna a sirdi, yatsun ƙafarsa su taɓa ƙasa. Goyon ƙane a kan ƙarfen gaba shi ma a hana.

Bayan Magariba, lokacin da ake tasowa daga karatun dare, yaro cikin baƙar riga a kan keke marar fitila ba ya ganuwa sai an zo kansa. A sa farar fitila gaba, ja a baya, da ɗan abin nan mai ƙyalli a ƙafafun keken. Fitilar tana kuma nuna masa kwatar da aka sace murfinta. Hular kwano fa? Wasu na cewa ta masu tseren Turai ce. Kan yaron Nima bai fi na ɗan Holan tauri ba. A saya daidai kansa, a ɗaure igiyar a haɓa, don hular da ba a ɗaure ba ita ke fara tashi.

Akwai maganar da ta shafi samari. Kowace Sallah limamai da sarakunan zango na jan kunne kan wasa da babur, amma da an sauko daga idi sai a ga ana ɗaga ƙafar gaba a tsakiyar jama'a. Ƙannenku na kallo, washegari su gwada da keke. Duk faɗan da uwa za ta yi, abin da wa ya yi a titi ya fi shi shiga kunne.

Hukuma ma da nata. A Tamale an ware wa keke hanyarsa a gefen manyan tituna, ba abin da ya hana a nemi irin wannan a Akra. Tun 2018 Nima na ƙarƙashin majalisar Ayawaso ta Gabas, Maamobi kuma ta Arewa, ofisoshinsu ba nisa. Ƙa'idar hanya ta 2012 ta kayyade gudun kilomita 30 a awa kusa da makarantu da asibitoci. A je wa wakilin unguwa da buƙata a rubuce: tudun rage gudu, zanen tsallakawa, murfin kwata.

In kuma tsautsayi ya faɗa, a kira 112. Kada a ɗaga yaro a jijjiga shi ko a tilasta masa tsayuwa, musamman in yana kukan wuya ko baya, kada kuma a ɗura masa ruwa. A danne inda jini ke fita da tsabtataccen ƙyalle. Wanda ya bugu a kai, ko ya tashi yana cewa ba komai, a kai shi asibitin Maamobi ko na 37 a duba shi, a kuma sa masa ido a daren. In ya fara amai, ko barci mai nauyi, ko maganarsa ta rikice, a koma da shi nan take, kada a bari sai gari ya waye.