Tsohuwar Land Cruiser: a gyara ƙafar gaba kafin a ƙara mata tsayi

Kukan da masu tsohuwar Land Cruiser ke kawowa gareji kusan iri ɗaya ne. An sa manyan tayoyi, an ɗaga mota, ta yi kwarjini. Amma da an hau kwalta an fara gudu, taya ta faɗa ɗan rami, sai sitiyari ya kama karkarwa kamar mai masassara, ba ya lafawa sai an rage gudu sosai. Sau da yawa sai a sa sabon shokazoban sitiyari a sallami mai mota. Wannan rufe ciwo ne kawai, yana nan a ciki.

Ina magana ne a kan jerin 70 da Toyota ta fitar a 1984, musamman HZJ75 mai injin dizal 1HZ, silinda shida, lita 4.2, wanda aka fara sawa a 1990. Ita da ƙannenta har gobe suna cikin motocin da ke ratsa rairayi tsakanin Agadas da Dirku. Aksul ɗinta na gaba ƙarfe ɗaya ne daga taya zuwa taya, zaune a kan sifirin mai falle-falle. Sai a 1999 aka koma sifirin mai naɗi a gaba. Irin wannan ƙafa tana da juriya, amma da sako-sako ya shiga wuri ɗaya, duka take girgiza.

Don haka, malam, fara da jak. Ɗaga tayar gaba, ka kama sama da ƙasa ka jijjiga. In ka ji ƙwas-ƙwas, sa yaro ya taka birki ka sake. Motsin ya ɓace? Boris ɗin taya ne. Yana nan? To boris biyun da ƙafar ke juyawa a kansu ne, na sama da na ƙasa, kuma su ne aka fi mantawa da su. Sai ka leƙa bayan taya, inda ƙarshen aksul ya yi kumburi kamar ƙwallo. A mota mai lafiya ɗan maiƙo kawai za ka gani. In ka tarar da baƙin kwaɓi yana zuba, ya kama ƙura, yana warin man giya, sil ɗin cikin aksul ya mutu: mai ya tsallako ya narkar da giris ɗin da ke ciyar da gaɓar da ke juya taya. Ƙara giris ba ya maganin wannan. Sai an kwance ƙafar gaba ɗaya, an wanke, an sa sabon sil da boris, an mai da siraran farantan da ke saita taurin boris yadda aka same su, na sama a sama, na ƙasa a ƙasa. Bakaniken da ya zube su a kwano ɗaya da notuna, kada ka sake ba shi motarka. Bayan nan a duba tayirod da bushin ɗin sifirin, a kai tayoyi a daidaita nauyinsu.

Sai maganar tsayi. Kamfani ya ɗan kishingiɗar da ƙafar gaba zuwa baya, kuma wannan kishingiɗa ce ke sa sitiyari ya dawo tsakiya da kansa bayan kwana. Dogon marataya da masu walda ke yi wa sifirin yana murɗa aksul ya cinye ta, sai mota ta riƙa yawo a kan titi. Ga shi rabin tsawon da aka ƙara kawai ake samu a tsayin mota. In dole sai an ɗaga, a sayi sifirin da shokazoba da aka ƙera don haka, kada a wuce inci 2, a sa ƙarfe mai tsini tsakanin sifirin da aksul don mai da kishingiɗar, a sake ɗaure notunan da suka riƙe sifirin da aksul bayan 'yar tafiya.

Akwai kuma abin da ya fi karkarwa haɗari. A baya akwai bawul da ke auna nauyin kaya ta hanyar sandar da ta haɗa shi da aksul, yana ƙara wa birkin baya ƙarfi in mota ta danne. Da an ɗaga mota ba a gyara sandar ba, sai ya ɗauka babu kaya ko da an yi lodi har sama, birkin baya ya yi sanyi. A duba tiyon birki ma, kada ya miƙe ya tsinke in taya ta rataya a rami.

Tayoyi kuwa lissafi ne. Ta asali, 7.50R16, tsayinta kusan inci 32 ne. In ka sa mai inci 35, tulun aksul, wanda shi ke fara dukan dutse, inci ɗaya da rabi kawai zai ƙara nisa da ƙasa. A madadin haka ƙarfin ja da na birki sun ragu da kusan kashi 9 cikin 100, maleji ya koma nuna ƙasa da gudun da kake yi, gaɓar gaba kuma ta ɗauki nauyin da ba a yi ta dominsa ba. 1HZ inji ne mai haƙuri, ba mai zafin nama ba. Sai ka ga giya ta biyar ta zama ado. A rairayi, rage iskar taya ya fi girmanta amfani, muddin akwai famfon mai da iska kafin a hau kwalta. Ni a ganina inci 33 ya isa.

Wasu in ƙarfi ya ragu sai su ɗora turbo su buɗe mai. An ƙera injin nan ba turbo, zafi in ya yi yawa fistin ke tsagewa. Wanda ya nace, ya fara sa agogon auna zafin hayaƙi. Kuma a cire giyar ƙafa huɗu a kan busasshiyar kwalta, domin gaba da baya a ƙulle suke juyawa, kwana na murɗe farfela.

In kuɗinka ba za su isa komai ba, ka fara da bel ɗin taimin idan ya kai kilomita 100,000 ko ba ka san ranar da aka canza shi ba, sannan ƙafar gaba da birki. Tsayi da manyan tayoyi su jira abin da ya rage a aljihu.